Alayyahun Da Na Baro A Gida, Shi Na Tarar A Dhaka

Ranar Juma'ar farko da na yi a Dhaka, babban birnin Bangladesh, wata abokiyar aikina ta gayyace ni cin abincin rana a gidansu. Ita ce babbar nas da aka haɗa ni da ita a ɗakin yara, kuma tun ranar da na iso ta ce in riƙa kiranta Apa, wato Yaya. Mahaifiyarta, wadda aka ce in kira Khala, kamar dai mu ce Inna, ita ta zuba mini abinci da hannunta. Ta tula farar shinkafa a faranti, sannan ta kawo cokali biyu na wani ganye ja wur ta ajiye a gefe. Ta koma ta zauna.

Na naɗe hannu ina jiran miya. Ga kwanonin kifi da romo can a tsakiyar tebur an rufe, amma babu wanda ya taɓa su. Kowa ya sa hannu ya gutsuri shinkafa kaɗan, ya cuɗa ta da ganyen, ya kai baki. Ni ma na kwaikwaya. Ina cuɗawa sai shinkafar ta rine, ta koma launin zoɓo. Da na kai baki na ji tafarnuwa, na ji yaji, na ji wani mai da ke hawa hanci, sannan can ƙasa na ji ɗanɗanon da na sani tun ina goye. Na ce, "Apa, wannan ai alayyahu ne!" Ta ce sunansa lal shak. Lal ja ke nan, shak kuma duk wani ganye da ake ci.

Daga wannan cokali biyun labarin nan ya samo asali.

Abin da ya kai ni

Ba girki ne ya kai ni ba. Kwas na mako shida aka tura mu, kan kula da masu gudawa da amai, a asibitin cibiyar icddr,b da ke unguwar Mohakhali, wanda mutanen gari ke kira Asibitin Kwalara. An kafa cibiyar a 1960, kuma a nan ne aka yi wasu daga gwaje-gwajen farko, a 1968, na ruwan gishiri da sukarin nan da muke ba yara idan gudawa ta kama su. Duk nas ɗin da ta taɓa tsayawa kan yaro mai zurmammun idanu ta ga ya farfaɗo da wannan ruwan, za ta gane abin da na ji ranar da na taka ƙofar wurin.

Na sauka bayan ƙaramar Sallah, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke tsananta kafin damina, kuma lokacin da masu gudawa suka fi cika asibitin. Zafinsu ba irin namu na Kano ba ne, jiƙaƙƙe ne, ko ka yi wanka ba ka bushewa. Ƙasar gaba ɗayanta ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na faɗin Najeriya ba, amma mutum kusan miliyan 170 ne a cikinta, kuma sai ka rantse rabinsu suna kan titin Mohakhali da ƙarfe biyar na yamma. Ga keken ɗaukar fasinja mai ƙafa uku da aka yi wa zanen furanni da tsuntsaye, ga korayen adaidaita sahu masu ƙofar waya kamar keji, ga manyan motocin haya da babu wadda jikinta bai sha gurza ba. Hutun mako Juma'a ne da Asabar. Suna gabanmu da awa biyar, don haka idan na tashi daga aiki yarana ba su dawo daga makaranta ba. Wannan kaɗaicin na yamma shi ya riƙa kora ni gidan Apa, har kicin ɗin Khala ya zama wurin zamana.

Asuba a Karwan Bazar

Khala ta lura da yawan tambayata a kan ganye, sai ta ce idan da gaske nake, in zo mu je kasuwa bayan sallar asuba. Ba ta jin Turanci, ni kuma ba na jin yarensu na Bangla, don haka jikarta, ɗiyar Apa, ɗalibar jami'a 'yar shekara 19, ita ce tafintarmu.

Karwan Bazar ita ce babbar kasuwar sarin kayan gwari a tsakiyar birnin. Ku ƙaddara 'Yankaba ce aka ɗauko aka dasa tsakanin dogayen benaye, jirgin ƙasa na zamani yana wucewa ta samanta. Cikin dare manyan motoci ke sauke kaya, kafin gari ya waye 'yan dako sun cika ko'ina da faffaɗan kwanduna a ka. Abin da ya fara ba ni dariya shi ne jin yarinyar nan tana ce wa wani ƙaton mai gemu "Mama". Ashe a wurinsu mama kawu ne, kuma haka ake kiran mai kaya ko mai keke don girmamawa. Kwana biyu na yi kafin bakina ya iya kiran namiji Mama ba tare da na ƙyalƙyale ba.

Da muka shiga layin masu ganye sai na ji kamar na shiga taron dangi a baƙon gari. Khala na ɗagawa tana faɗin suna, ni kuma ina ba ta namu. Ta ɗaga sajna, na ce zogale. Ta ɗaga kumra shak, na ce ganyen kabewa. Lau shak ganyen duma ne. Kochu shak ganyen gwaza ne. Nim kuwa darbejiya ce, 'yan jajayen tohonta, waɗanda ake soyawa da yalo a ci da shinkafa saboda ɗacin. Da ta ɗago pat shak na murza shi a yatsa na ji santsi, na ce, "Lalo!" da ƙarfin da ya sa Mama mai kaya ya waiwayo.

Akwai waɗanda ban sani ba. Pui shak mai yaɗo ne, ganyensa kauri gare shi da taushi, an fi haɗa shi da kabewa da ƙananan jatan lande. Kolmi shak a bakin tafki da kududdufi yake fita, karansa rami ne kamar tsinken shan lemo. Ƙasa ce ta ruwa, don haka abincinta da yawa daga ruwa yake fitowa. Apa ta ba ni labarin cewa a kudu, wajen Barishal da Gopalganj, inda ambaliya ke shafe watanni a gona, manoma na tara wata ciyawar ruwa mai kama da kainuwa su yi tudu mai yawo a kan ruwa, su shuka ganye a kai. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan dabarar cikin gadon noma na duniya a 2015.

Ɗaurin ganye a lokacin bai wuce taka goma zuwa ashirin ba, kuma duk da haka Khala sai ta taya. Muka dawo da jaka biyu cike taf.

Kicin ɗin Khala

Abu na farko da na koya shi ne, a wurinsu ganye ba kayan haɗin miya ba ne. Abinci ne mai zaman kansa, da kwanonsa, da lokacinsa. Shi ake fara ci da lomomin farko na shinkafa, tun ciki yana marmari. Bayansa sai romon wani ƙaramin jan wake da suke kira dal, sai kayan lambu, sai kifi ko nama. Suna da karin magana cewa kifi da shinkafa su ne Babangale, amma a duk gidan da na shiga, ganye ne ke yi wa kifin iso.

Abu na biyu, aikin ba a kan wuta yake ba. Khala kan zauna a 'yar kujera ta tsince ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta cire tsohon kara, ta duba bayan kowane ganye ko da tsutsa. Sai ta zuba shi a babbar roba cike da ruwa, ta girgiza, ta bar shi ya ɗan zauna, sannan ta tsamo ganyen da hannu ta mayar wata robar. Ba ta taɓa tsiyaye ruwan ta bar ganyen a ciki ba, domin ƙasar da ta kwanta a ƙasa za ta sake komawa jikinsa. Sau uku ko huɗu take yi, har sai gindin robar ya fita tas. Sai ya tsane a kwando kafin ta yanka, ba a yanka kafin a wanke.

Yankan ma abin kallo ne. Suna da wata wuƙa mai suna boti, lanƙwasasshiya kamar lauje, an kafa ta a tsaye kan katako. Mace za ta zauna ta take katakon da ƙafa, ta riƙe ganyen da hannu biyu tana tura shi kan kaifin. Na gwada sau ɗaya, Khala ta ƙwace ganyen tana cewa, "Ma, ki bari, da hannun nan kike yi wa yara allura." Haka take kirana, Ma, wato uwa, kamar yadda tsofaffinmu ke ce wa 'ya mace "uwata".

Girkin kansa bai kai minti goma ba. Ga yadda take yin ɗauri biyu manya na jan alayyahu, ga mai son gwadawa:

Ta ɗora kasko mai zurfi, ta zuba man mastad cokali biyu na cin abinci, ta bar shi ya yi zafi har ya fara ɗan hayaƙi, don kaifin warinsa ya ragu. Ta karya busasshen barkono biyu ta jefa, da ɗan habbatussauda abin da yatsa uku za su ɗauka. Da sun yi ƙara sai ta zuba tafarnuwa ƙwara shida da aka daddatsa, da albasa ƙarama guda. Tafarnuwar na fara yin ja sai ta tula ganyen, ta barbaɗa gishiri kaɗan, domin tulin nan zai zube ya koma tafin hannu biyu. Ta tsaga ɗanyen barkono biyu ta sa, ta rufe minti uku ko huɗu. Ko ɗigon ruwa ba ta ƙarawa, ruwan jikin ganyen ya isa. Sai ta buɗe, ta ƙara wuta, tana juyawa har ruwan ya ƙafe ganyen ya yi sheƙi. Shi ke nan. Babu tumatir, babu dunƙule. A tebur a matsa lemon tsami.

Wani lokaci maimakon habbatussauda kaɗai takan yi amfani da haɗin ƙwayoyi biyar da suke kira panch phoron, wanda a ciki akwai hulba da habbatussauda da shammar. Kusan duk ana samunsu wurin masu kayan ƙamshi a Kurmi.

Mun fara ɗaukar bidiyo

Jikar Khala na da shafin girki a Facebook, kuma burinta ta iya gajerun bidiyon nan na ƙasa da minti ɗaya. Ni kuma tunanina yana kan matan da nake gani a asibitinmu, masu juna biyu da idanunsu suka yi fari fat don ƙarancin jini, alhali ga alayyahu da zogale a bayan ɗaki. Muka yi shawara mu haɗa ƙarfi: ita ta ɗauka ta tace, ni in ɗora murya da Hausa.

Gwajin farko mun ɗaure waya a saman kasko da igiyar shanya. Khala na buɗe murfi tururi ya lulluɓe gilashin, muka samu bidiyon hazo na daƙiƙa arba'in. A na biyu muka gano cewa a ƙarƙashin ƙwan lantarkin kicin jan ganyen baƙi yake fitowa, kamar an ƙona shi. Muka kwashe kayan muka koma baranda inda hasken rana yake. A can kuma hankaki da ƙararrawar masu keke da hon ɗin motoci suka cinye muryata. Ranar gwaji na huɗu, muna cikin ɗauka sama ta yi baƙi, irin guguwar bazarar nan tasu da suke kira kalboishakhi ta taso, aka ɗauke wuta, muka kwashi kasko da waya da gudu.

A hankali muka koyi abubuwa. A ajiye waya a gefe, ba a saman tururi ba. A ɗauka da safe kusa da taga. A ɗauki kowane mataki daban, daƙiƙa huɗu ko biyar. A bar ƙarar tafarnuwa a cikin mai, domin ta fi kowane kiɗa jan hankali. Murya kuma a ɗora ta daga baya, cikin ɗaki, an rufe ƙofa an kashe fanka.

A gwaji na shida muka samu abin da muke so. Daƙiƙa arba'in da biyar, tsaf. Kafin ɗaukar hoton ƙarshe yarinyar ta ɗauko soyayyen kifi ta ɗora a kan ganyen, ta ce idan ganye ne tsura mutane za su wuce, wasu ma su ce gidan ba su da hali. Khala ta leƙo ta yi wata magana da ta sa Apa dariya har da riƙe ciki. Ashe suna da karin magana, "rufe kifi da ganye", ga mai ƙoƙarin ɓoye abin da ba ya ɓoyuwa, kusan irin tamu ta tafin hannu da rana. Khala cewa ta yi ita tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya rufe ganye da kifi ba sai jikarta.

Na tura bidiyon zauren WhatsApp na 'yan gidanmu ina jin kaina. Washegari ƙanwata ta aiko saƙon murya: "Yaya, na gwada abin nan naki. Ƙasa garas-garas, kuma ya tsinke kamar miyar asibiti. Maigidan cewa ya yi ko fushi nake da shi."

Na sake kallon bidiyon da idon wanda bai taɓa shiga kicin ɗin Khala ba. Mun nuna mai, mun nuna tafarnuwa, mun nuna kifi. Wankin ganye, wanda ya ɗauki kusan rabin awa, mun ba shi daƙiƙa biyu, hannu ya tsoma ya fito. Ba mu ce kada a zuba ruwa ba, don mu a ganinmu kowa ya sani. Kunya ta kama ni. Ni da na wuni ina canza wa yara ledar ƙarin ruwa saboda abin da ya shiga cikinsu ta ruwa da abinci marar tsafta, ni ce na yanke wanki daga bidiyo don kada masu kallo su gaji. Da aka nuna wa Khala, tambaya ɗaya ta yi: "Ina sauran aikin?"

Ranar miyar lalo

Kafin mu gyara, sai wani abu ya faru. A gidan Apa soya lalo ake yi, da tafarnuwa da busasshen barkono, ba a cika juya shi ba don kada ya yi yauƙi. Wani lokaci a tsoma ganyen a ƙullun garin shinkafa a soya kamar ƙosai. Wannan tsiron da muke miya da shi, su dukiyar ƙasa ne a wurinsu. Idan aka bar shi ya yi tsawo sai a jiƙa karan a ruwa a ɓare zaren, a yi buhu da igiya, kuma Bangladesh da Indiya ne kan gaba a duniya wajen noma shi. Na ce musu mu yauƙin nan da suke gudu shi muke nema. Suka ce sai sun gani.

Na yanka lalo ƙanana, na sa garin busasshen kifi da barkono da albasa. Babu kanwa, sai na sa ɗan bakar soda. Babu maburgi, na kaɗa da cokali mai yatsu. Na tuƙa tuwon shinkafa da tasu shinkafar. Da na ɗaga ludayi miyar ta biyo shi zarara, jikar ta ja da baya tana yamutsa fuska. Apa ta ɗanɗana don kara.

Khala kuwa shiru ta yi. Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, sannan ta ce, "Pelka." Ta ce a garinsu, can arewa a yankin Rangpur, haka suke yi. Su haɗa zogale da ganyen gwaza da wasu ganyayyaki, su sa soda ko ruwan toka, babu mai, ta yi yauƙi su sha da shinkafa. Ta ce tun da ta dawo birni ta daina yi, domin yaran gidan ba sa so, kuma maƙwabta kan ce abincin 'yan ƙauye ne.

Daga nan ta shiga labarin da Apa ta ce ita kanta ba ta taɓa jin sa da tsawo haka ba. A 1974, shekara uku bayan yaƙin da ya ba su 'yanci, ambaliya ta ci amfanin gona, shinkafa ta yi tsadar da talaka ba ya iya saye, aka yi yunwa mai tsanani, kuma yankinsu na cikin inda ta fi ɓarna. Tana da shekara goma sha huɗu. Ita da mahaifiyarta kan fita da asuba su bi bakin tafki suna tsinko kolmi da ganyen gwaza da duk abin da uwar ta ce ba ya kisa. Su dafa da gishiri idan akwai. Ta ce a nan ta koyi wane ganye ne ke ƙaiƙayin maƙogwaro sai an sa masa tsami an dafa shi sosai, wane ne ake ci toho kawai. Ƙaninta na goye bai kai ƙarshen shekarar ba.

Ta ce a ƙauyuka da dama akwai al'adar mata su fita ranar ƙarshe ta shekarar Bangla, a tsakiyar Afrilu, su tsinko ganye iri goma sha huɗu waɗanda ba shuka su aka yi ba, a dafa tare. Ita a ganinta hikimar ita ce kada yara mata su manta da sunayen ganyen da za su riƙe su ranar da rumbu ya ƙare. Ta dubi jikarta ta ce, "Ke guda nawa kika sani?" Yarinyar ta ƙirga a yatsa ta tsaya a shida.

Ni ma ban tsira ba. Ina zaune sai na tuna wata ranar ziyara a makarantar kwana, ina aji biyu. Iyayen wasu sun zo da dafa-duka da kaji. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ta biyo motar kasuwa daga ƙauye da samira cike da kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ta yi shi tun asuba don ta san ina so. Na karɓa na tura ƙarƙashin gado don kada 'yan ɗakinmu su gani. Sai da dare na ci a ɓoye, rabi ya riga ya lalace. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai a teburin nan, ta bakin tafinta. Khala ta kama hannuna ta riƙe, ba ta ce komai ba. Muka cinye miyar mu biyu.

Bidiyo na bakwai

Khala ba ta yarda a nuna fuskarta ba, amma ta yarda a ɗauki hannunta. Muka ajiye waya a kan tulin littattafan jikar, daidai robar wanki. Muka bar tsinta, muka bar wanki uku, muka karkata robar don a ga ƙasar da ta kwanta a gindinta. Na faɗa da baki sau biyu cewa ba a zuba ruwa. Babu kifi a kai, ganye ne da shinkafa da yankan lemon tsami. Ya kai minti uku, abin da jikar ta ce a duniyar gajerun bidiyo daidai yake da wa'azin dare.

Ba zan ce ya zaga duniya ba. Wanda muka sa wa kifi ya fi shi samun masu kallo nesa ba kusa ba. Amma wannan ne ƙanwata ta bi ta aiko hoton faranti wayam, kuma shi ne abokan aikina suka roƙa don nuna wa mata ranar awon ciki.

Tunda nas ce ke magana, bari in sauke nauyi. Gajeren dahuwa irin wannan yana rage asarar bitamin C da folik asid, waɗanda doguwar tafasa ke lalatawa, musamman idan an zubar da ruwan. Kanwa da soda suna ƙara wannan asarar, don haka a taƙaita su, ban ce a bar miyar lalo ba. Ɗan man da ake sawa yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin da yake juyawa zuwa bitamin A. Lemon tsami yana taimakawa wajen tsotse sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, shayi kuma yana rage shi, don haka a ba da tazara tsakanin abinci da shayi. Amma ganye ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba mai juna biyu a asibiti, a ci gaba da sha. Wanda ke fama da tsakuwar ƙoda ko yake shan maganin tsinka jini, ya tuntuɓi likitansa kafin ya yawaita.

Bayan na dawo

Ranar da zan taho Khala ta ƙulla mini panch phoron a leda ta cusa a jakata. Ta ce in gaida mahaifiyata, in ce mata 'yar'uwarta ta Rangpur na gaisuwa.

A gida na gwada da abin da muke da shi. Man gyaɗa ya zauna daram a madadin na mastad, sai dai babu hawa hancin nan. Koren alayyahunmu yana yi sosai, haka ganyen kabewa da na wake da na dankali. Zogale yana son a ɗan sulala shi tukuna. Yakuwa kuwa tsaminta ya isa, ba ta buƙatar lemo. Maigida ya ci ya ce da daɗi, sannan ya tambaya ina miyar. 'Yata ta fari, mai shekara bakwai, wadda ke tsince ganye daga miyar taushe ta jera a gefen faranti, na yi mata dabarar Dhaka: na ba ta shi da farko, cokali ɗaya, tun tana jin yunwa, sauran abinci yana rufe. Ranar farko ta yi kuka. Yanzu takan ci, ko da yake har yau tana tuna mini cewa na yi alƙawarin shinkafar za ta zama ja, kuma ban samo jan alayyahun ba tukuna.

Makon jiya na je gida na tarar da Hajiyarmu a tsakar gida tana zage zogale a faifai. Na jingina waya a jikin turmi na ce ta ci gaba, hannunta kawai zan ɗauka. Ta ce, "Ke kuma wa zai kalli wannan?" Na ce ta dai faɗa mini sunayen ganyen da suke ci a ƙauye tana yarinya. Ta fara: tafasa, rama, yaɗiya, gasaya, zaƙi-banza, ɗanyen kuka, lansir, ƙawuri. Ta wuce goma sha huɗu ba ta tsaya ba, ni kuma da yawa ban taɓa ganinsu ba. Na aika wa Apa, ta nuna wa Khala, aka dawo mini da saƙo cewa tana son ganin yadda ake kwaɗo, kuma kada in kuskura in yanke wankin.

'Yan'uwa, ku ma ku ƙirga. Ganye nawa ake ci a garinku, kuma da wane suna kuke kiransu? Wadda ta san inda ake samun irin jan alayyahu a Kano ko Zariya, don Allah ta sanar da ni, akwai yarinyar da nake bin bashin alƙawari, ko in ce take bina.